Yaushe ake gyara wasiyya, yaushe kuma ake sake sabuwa?

Tambaya: "Barista, barka da aiki. Na rubuta wasiyyata a 2013 a gaban shaidu biyu. A lokacin 'ya'yana uku, daga baya na ƙara samun biyu. Gidan da na ce a ba ɗan ƙanwata, wanda na riƙe tun yana ƙarami, na sayar da shi na sayi wani. Yayana da na naɗa wasiyyi, wato wanda zai zartar da wasiyyar, ya rasu bara. Babban ɗana ma Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar yara biyu. Wani abokina ya ce in ɗauki biro in soke abin da ya canza in rubuta sabo a gefe. Wani kuma ya ce ai wasiyyar ta riga ta mutu tunda ta daɗe haka. Wanne zan bi? Gyarawa zan yi ko sabuwa zan rubuta?"

Malam, kafin komai, Allah Ya jiƙan yayanka da ɗanka, Ya raya marayun da aka bari, Ya ba ka haƙuri.

In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko daɗewa tana kashe wasiyya, ko gyara da biro yana aiki, sannan in duka biyun babu, me ya rage ka yi. Abokanka biyu duk sun kauce hanya. Wasiyyarka tana nan da ranta, biro kuwa matsala zai ƙara mata. Da irin canje-canjen da ka lissafa, sabuwa za ka rubuta. Sai dai ina so ka ga dalilin ɗaya bayan ɗaya, don gobe in wani abu ya sake canzawa ka iya auna shi da kanka.

Takardar taka ba ta gabana, kuma ba ka faɗi dokar da za a raba dukiyarka a ƙarƙashinta ba, ga shi a harkar wasiyya kalma guda tana juya hukunci. Saboda haka zan riƙa kawo tsari biyu gefe da gefe: shari'ar Musulunci, da dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ƙasashe da yawa suka ɗauka ko suka kwaikwaya. Ka ɗauki wanda ya shafe ka, amma ka karanta ɗayan ma, don akwai wuraren da suka haɗu fiye da yadda mutane ke zato.

Wasiyya ba ta da ranar ƙarewa

Babu adadin shekarun da in sun cika wasiyya za ta faɗi da kanta. Wadda aka rubuta shekara arba'in da suka wuce, muddin an cika sharuɗɗanta kuma ba a soke ta ba, ita za a zartar. Abin tsoron ke nan: za a zartar da ita yadda take, alhali duniyar da aka rubuta ta dominta ta wuce. Kamar rigar da aka ɗinka wa yaro ce, ba ta yage ba, ya dai girme ta.

Dalili shi ne wasiyya ba ta fara aiki sai ranar da mai ita ya rasu. Dokar 1837 ta ce game da dukiya za a karanta wasiyya kamar an rubuta ta dab da rasuwar mai ita. A fiƙihu ma sulusin da aka yarda mutum ya yi wasiyya da shi, sulusin abin da ya bari ne bayan an yi masa sutura an biya bashi, ba na abin da yake da shi ranar da ya kama alƙalami ba. Don haka gwajin da nake ba duk wanda ya zo mini da tsohuwar wasiyya guda ɗaya ne. Ka zauna ka karanta ta daga farko zuwa ƙarshe kamar yau ne za a buɗe ta a gaban iyalinka. Kowane suna da ka tarar, ka tambayi kanka: yana raye, kuma har yanzu matsayinsa a wurina shi ne na da? Kowace kadara: har yanzu tawa ce? Sannan wa ya kamata ya kasance a ciki da ba ya ciki? Taka ta faɗi wannan gwaji a wuri huɗu.

Gidan da ka sayar

Wannan shi ne ya fi saurin cutar da mutum ba tare da kowa ya lura ba. Idan ka yi wasiyya da wani abu takamaimai, wato gida kaza a titi kaza, sannan ka sayar da shi kafin ka rasu, wasiyyar wannan abin ta tafi tare da shi. Wanda aka yi wa ba zai samu kuɗin da aka sayar ba, ba kuma zai samu sabon gidan da aka saya da kuɗin ba. A tsarin Ingila dalilin shi ne abin ba ya cikin dukiyarka ranar rasuwa. Malaman fiƙihu kuwa suna ɗaukar sayarwar a matsayin janye wasiyya a aikace, tunda mutum yana da ikon janye wasiyyarsa da baki ko da aiki har ranar da zai cika. Hanya biyu, masauki ɗaya: ɗan ƙanwarka zai tashi hannu rabbana.

Sai dai ka duba lafazin da ka yi amfani da shi. In ka rubuta "gidan da nake zaune a ciki lokacin rasuwata", sabon gidan ya shiga. In kuwa ka kawo lamba da titi, to ya wuce. In "gidana" kawai ka ce, ka bar wa magada abin jayayya, kowa zai karanta ta yadda ta yi masa daɗi.

Na taɓa zama da wani iyali a kan irin wannan. Mahaifinsu ya yi wa yarinyar da ya riƙa wasiyya da wani shago, ya kawo lambarsa da komai. Shekaru kafin rasuwarsa ya sayar da shagon ya sayi mafi girma a wani wuri, kuma kowa a gidan ya sha jin yana cewa sabon shagon nata ne. Da aka buɗe takarda, tsohuwar lamba ce a ciki. Ina kallon yarinyar, ta karɓi takardar ta bi layin da yatsa sau biyu, ta ajiye, ba ta ce uffan ba. Babban ɗan ya so a ba ta, biyu daga cikin ƙannensa suka ce su abin da ke rubuce suka sani. A ƙarshe wanda ya ga dama ne ya yanka mata wani abu daga nasa kason, kuma bai kai rabin shagon ba.

Shi ya sa nake ba da shawarar mutum ya yi wasiyya da kaso maimakon abu guda, sai in abin ne kansa ake nufi, kamar littattafai ko wani abin tarihi na gida. "Kashi ɗaya cikin goma na abin da na bari" yana bin dukiya duk inda ta juya. Kaso yana kuma maganin wata matsala. A ce lokacin da ka rubuta dukiyarka ta kai miliyan 90, ka yi wasiyya da gida na miliyan 30, daidai sulusi. Kasuwa ta juya, ko bashi ya hau, abin da ka bari ya koma miliyan 60 har da gidan. Sulusi yanzu miliyan 20 ne. Ragowar miliyan 10 ba za ta zartu ba sai magada sun yarda bayan rasuwarka. Hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas shi ne asalin wannan iyaka, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi yin wasiyya da kashi biyu cikin uku, ya hana shi rabi, ya amince da sulusi, ya kuma ce sulusin ma da yawa. Saboda haka duk sanda dukiya ta yi babban tashi ko babbar faɗuwa, lokacin dubawa ya yi, ko da ba a sayar da komai ba.

'Ya'yan da aka haifa daga baya, da jikokin da aka bari

Game da yara biyun da ka samu bayan 2013, in shari'ar Musulunci ce za ta raba dukiyarka, gadonsu bai dogara da takardarka ba. Kasonsu yankakke ne, kuma babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Abin da sabuwar wasiyya za ta yi musu shi ne faɗin wanda zai kula da su da dukiyarsu in ka rasu suna ƙanana. A tsarin Ingila kuwa lamarin ya fi haɗari, don haihuwa ba ta soke wasiyya. In ka ce "a raba tsakanin 'ya'yana", na baya sun shiga. In ka jera sunaye uku, biyun nan suna waje, sai dai a je kotu a nema musu abin da za su rayu da shi. Jarumin fim ɗin nan ɗan Ostireliya, Heath Ledger, ya rubuta wasiyyarsa a 2003 ya bar komai ga iyayensa da 'yan'uwansa mata. An haifa masa 'ya a 2005, ya rasu a 2008 bai taɓa takardar ba. Danginsa ne suka sanar cewa sun bar wa yarinyar dukiyar. Mutuncinsu ne ya cece ta, kuma ba kowane gida ake samun haka ba. Jihohi da yawa a Amurka suna da dokar da ke ba yaron da aka haifa bayan wasiyya wani kaso, amma kason da doka ta yanka ne, ba lallai ya zo daidai da abin da uban zai so ba.

Maganar da ta fi damuna a wasiƙarka ita ce ta jikokinka biyu. A fiƙihun gado, wanda ya riga ka rasuwa ba ya gadonka, kuma kasonsa ba ya gangarawa ga 'ya'yansa. In kana da ɗa namiji a raye ranar da ka rasu, ya katange 'ya'yan ɗan'uwansa gaba ɗaya. Ke nan marayun nan biyu na iya tsayawa suna kallo ana raba dukiyar kakansu ba su da ko sisi. Amma katangewar nan ita ce ta buɗe musu wata ƙofa: tunda ba magada ba ne, wasiyya ta halatta a gare su cikin sulusi. Masar ta ga girman wannan matsala har ta sa a dokar wasiyyarta ta 1946 cewa irin waɗannan jikoki za a ba su abin da mahaifinsu zai samu, muddin bai wuce sulusi ba, ko kakan ya rubuta ko bai rubuta ba. Wasu ƙasashe sun bi sahu, wasu ba su bi ba. Inda babu irin wannan doka, alƙalaminka ne kaɗai zai yi musu wannan aiki.

Wannan yana nufin sulusin naka yanzu yana da masu jira uku, ɗan ƙanwarka da jikoki biyu, kuma kai ne za ka auna wa ya fi bukata. Ra'ayina, yaro ƙarami da ba shi da uba ya fi babban da ya riga ya tsaya da ƙafarsa, amma kai ka san gidanka.

A tsarin Ingila, ƙa'idar ita ce wasiyya ga wanda ya riga mai ita mutuwa ta faɗi. An dai yi togaciya ga ɗa ko jika: in ya rasu ya bar zuriya, su za su ɗauki kasonsa, sai in wasiyyar ta nuna akasin haka. Ko a nan ba na son mutum ya jingina da togaciyar. Ka rubuta sunayensu, ka faɗi wanda zai riƙe musu har su girma.

Akwai wata ƙa'ida da ke da alaƙa da wannan, wadda ko masu ilimi kan manta: kasancewar mutum magaji ko ba magaji ba, ranar rasuwa ake dubawa. Wanda ya yi wa ƙaninsa wasiyya lokacin ba shi da ɗa namiji, ba shi kuma da uba a raye, ya yi wa magaji ne. In daga baya ya haifi ɗa, ɗan ya katange ƙanin, wasiyyar ta zama ingantacciya. Haka in mutum ya yi wa wata mace wasiyya sannan ya aure ta ya rasu tana matarsa, ta zama magajiya, wasiyyar ta koma hannun sauran magada. Kowace haihuwa, kowane aure da kowace rasuwa a gida suna sake jera waɗannan sunaye, takardar kuwa tana cikin akwati ba ta sani ba.

Wasiyyin da ya rasu

Rasuwar yayanka ba ta ɓata wasiyyar ba. Kotu za ta iya naɗa wani ya zartar da ita. Amma za a ɓata lokaci, za a kashe kuɗi, kuma wanda za a naɗa ba kai ka zaɓe shi ba. A sabuwar ka naɗa mutum biyu, ko ɗaya da mai maye gurbinsa. Ka nemi wanda ya fi ka ƙuruciya, mai amana kuma mai iya zirga-zirgar ofisoshi, don amana ita kaɗai ba ta cike fom. Ka kuma tambaye shi tukuna. Na sha ganin wanda bai san an naɗa shi ba sai ranar ta'aziyya, ya ce shi ba zai iya shiga tsakanin 'yan'uwa ba.

Aure, saki da ƙaura

Ba ka ambace su ba, amma suna cikin manyan dalilan sabunta wasiyya. A Ingila da ƙasashen da suka riƙe wannan sashe na dokar 1837, ɗaura aure yana soke wasiyyar da aka yi kafinsa ɗungurungum, sai in an rubuta ta ne da nufin wannan auren kuma ta faɗi haka. Mutum zai mutu yana ganin yana da wasiyya alhali ba shi da ita. A Sikotlan, maƙwabciyarta, aure ba ya sokewa. Saki kuwa a Ingila ba ya soke wasiyyar duka, ana dai ɗaukar tsohuwar matar ko tsohon mijin kamar ya rasu ranar da aka raba auren. Yaji ko zaman kowa da gidansa ba tare da an raba aure a hukumance ba, ba ya canza komai. A Musulunci matar da aka yi wa sakin kome tana gado matuƙar tana cikin idda.

Ka kuma tuna akwai dukiyar da sau da yawa ba ta bi ta cikin wasiyya, kamar inshorar rai da kuɗin fansho, inda kamfani ke biyan wanda sunansa ke kan fom. A Amurka an yi shari'ar Egelhoff, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2001. Mutumin ya rabu da matarsa a 1994, bayan wata biyu ya rasu sanadiyyar haɗarin mota, bai canza sunanta a takardun inshora da fanshon wurin aikinsa ba. 'Ya'yansa na auren fari suka kai ƙara, kotu ta ce kuɗin na tsohuwar matar ne. Ranar da za ka sabunta wasiyya, ka sabunta waɗannan fom-fom ɗin ma.

Ƙaura zuwa wata ƙasa, ko sayen gida a can, tana iya sa wata doka daban ta hau kan dukiyarka. A Faransa 'ya'ya suna da kason da ba a taɓawa: mai ɗa ɗaya rabin dukiyarsa kawai zai iya yin wasiyya da shi, mai biyu sulusi, mai uku ko fiye rubu'i. Tun watan Agustan 2015 yawancin ƙasashen Tarayyar Turai suna bin dokar ƙasar da mamaci ya saba zama, sai in ya zaɓi dokar ƙasarsa ta asali a cikin wasiyyarsa.

Maganar biro

Dokar 1837 ta ce duk gyaran da aka yi bayan an sa hannu, ko sokewa ne ko ƙari tsakanin layuka, ba ya aiki sai mai wasiyya da shaidu biyu sun sake sa hannu kusa da gyaran. In ka ja layi a kan sunan yayanka ka rubuta wani a gefe kai kaɗai, tsohon sunan da ake iya karantawa shi ne zai tsaya. In kuma ka goge shi sarai har ba a iya karantawa, ana iya ɗaukar wurin a matsayin fili, sabon rubutun kuma bai shiga ba. Ka rasa tsoho, ba ka samu sabo ba.

Ko sokewa gaba ɗaya tana da ƙa'ida. A shari'ar Cheese da Lovejoy ta 1877 a Ingila, wani mutum ya ja layuka a kan wasiyyarsa, ya rubuta a bayanta cewa duk an soke, ya jefa ta cikin tarin takardun shara. Mai aikin gidan ta tsince ta ta ajiye a kicin, tana nan har ya rasu bayan shekaru. Kotu ta ce ba a soke ta ba, don doka tana son a ƙona, ko a yaga, ko a lalata takardar da niyyar sokewa, ko kuma a yi wata takarda mai shaidu. Aka zartar da abin da mai shi ya jefar.

Fiƙihu bai ɗaure wasiyya da irin wannan tsari na sa hannu ba, amma yana neman hujja. A mazhabar Malikiyya, ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai kafa shaidu ba kuma bai ce a zartar ba, ba a zartarwa, don mai yiwuwa tunani kawai yake yi ko ya canza ra'ayi daga baya. Rubutun gefe da babu wanda ya shaida shi, magajin da bai yi masa daɗi ba zai ce ƙari aka yi bayan rasuwa, kai kuma ba ka nan balle ka ce naka ne.

Takardar ƙari ko sabuwa

Akwai hanya ta tsakiya, wato takardar ƙari: gajeriyar takarda daban da ke ambaton wasiyyar da kwanan watanta, ta faɗi abin da aka canza, ta tabbatar da sauran. Ana sa mata hannu a gaban shaidu kamar wasiyyar kanta. Da rasuwar yayanka ce kaɗai ta faru, da ita zan ce ka yi. Ta dace da canji guda ɗaya mai sauƙi, kamar sauya wasiyyi ko ƙara wata 'yar kyauta.

In canjin ya wuce nan, ba na son ta. Takarda ce daban, tana iya ɓata, ko wanda ba ta yi wa daɗi ba ya ɓatar da ita a bar tsohuwar ita kaɗai. Dole a karanta su tare, in suka yi karo da juna sai kotu. Sannan tana tona abin da bai kamata a tona ba: wanda aka rage wa kaso zai ga abin da aka ba shi da farko da abin da aka mayar da shi, ya riƙe wannan a zuciya har abada. A zamanin da ake kwafe wasiyya da hannu shafi bayan shafi, takardar ƙari tana rage wahala. Yanzu da kwamfuta ke fitar da sabuwa cikin ɗan lokaci, wannan dalili ya raunana. Ni dai in canji ya taɓa wanda zai samu kaso mafi girma, ko ya wuce guda biyu, ko an riga an yi takardar ƙari a baya, sabuwa nake rubutawa.

Tara takardu ma bala'i ne. Mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin ta rasu a 2018, aka ɗauka ba ta bar wasiyya ba. A 2019 aka samu rubuce-rubucen hannunta a gidanta, na 2010 a cikin kabad a kulle, na 2014 kuma a cikin littafin rubutu a ƙarƙashin matashin kujera. Takardun sun saɓa wa juna, 'ya'yanta suka rabu gida biyu, sai a watan Yulin 2023 masu taimaka wa alƙali a jihar Mishigan suka ce ta 2014 ce ke aiki. Jihar tana karɓar wasiyyar rubutun hannu ko babu shaidu, abin da Ingila ba ta karɓa, amma duk da haka shekara biyar aka yi kafin a san matsaya.

Yadda za ka yi sabuwar

Ka fara da lissafin abin da ka mallaka yau, da bashin da ake binka da wanda kake bi, da amanar mutane da ke hannunka. Ka haɗa da asusun da ke waya ko intanet, amma kada ka rubuta lambobin sirri a cikin wasiyyar, don a wurare da yawa takarda ce da kowa zai iya nema ya karanta bayan kotu ta tabbatar da ita. Sabuwar ta ɗauki kwanan wata, ta kuma faɗa a fili cewa ta soke duk wasiyyar da ta gabace ta. Sai dai in kana da wata wasiyya daban don kadara a wata ƙasa, a nan dole a taƙaita lafazin, in ba haka ba ka soke waccan ba ka sani ba. Shaidu biyu su kasance tare a lokaci ɗaya sanda kake sa hannu, kuma kada ɗayansu ya zama wanda aka yi wa wasiyya, ko mijinta, ko matarsa. A dokar 1837 wasiyyar za ta tsaya amma kyautar shaidan ta faɗi.

Kada ka yaga tsohuwar sai an gama sa hannu a sabuwar. Bayan nan ka lalata ta da hannunka, ka karɓo kwafin da ka ba wasu. Ta asalin sabuwar ka ajiye ta inda wasiyyinka ya sani kuma zai iya kaiwa. A tsarin Ingila, in an san takardar tana hannun mai ita sannan aka neme ta aka rasa bayan rasuwarsa, ana ɗauka shi ya lalata ta da gangan, sai an kawo hujjar akasin haka. Kada ka maƙala mata komai, kada kuma ka cire ƙarfen da aka ɗinke shafukan da shi don yin kwafi. Ramukan da zai bari kan sa magatakardar kotu ya tambayi ko akwai shafin da aka zare.

Ka yi wannan yanzu da kake da lafiya. Tun shari'ar Banks da Goodfellow ta 1870 ma'aunin hankalin mai wasiyya shi ne ya san abin da yake yi, ya san yawan dukiyarsa, ya kuma san waɗanda ke da haƙƙi a kansa. Wasiyyar da aka canza a gadon asibiti ita ce ta fi jawo zargin an juya tsoho, shi ya sa in shekaru sun ja ko akwai rashin lafiya nake neman likita ya duba mutum ya rubuta abin da ya gani a ranar. A fiƙihu ma kyautar da aka yi cikin cutar ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi.

Bayan an gama, ka riƙa fito da ita duk shekara uku zuwa biyar ka yi mata gwajin nan, ko duk sanda aka yi haihuwa, aure, saki, rasuwa, ko babban ciniki. Sau da yawa za ka karanta ka mayar ba ka taɓa komai ba. Canjin adireshin wanda aka yi wa wasiyya, ko sauya mota, ba su isa dalili ba. Fushi ma ba na lissafa shi cikin dalilai. Wanda ya zo mini da zafi yana son a cire wani, nakan ce ya dawo bayan wata guda, kuma da yawa ba sa dawowa.

Ranar da za ka je wurin lauya, ka tafi da wasiyyar 2013 ta asali, da takardun sayar da tsohon gida da na sayen sabo, da sunaye da shekarun 'ya'yanka da jikokin nan biyu. In shari'ar Musulunci ce za ta raba dukiyarka, ka fara biyawa ta wurin malamin da ya san ilimin gado ya fitar maka da waɗanda za su gaje ka in yau ne, don da wannan jerin ne za ka san su wa sulusin zai iya kaiwa gare su.